Arahar farantin sola: daga ina take, kuma wa zai ci moriyarta?

A 1977, wat ɗaya na ƙwayar sola ya kai kusan dala 76. A 2010 wat ɗaya na cikakken faranti yana kusan dala 2. A 2024 masana'antun ƙasar Sin sun sayar da shi a kan kimanin santi 10. Ma'ana, farantin mono mai wat 550, baƙin nan da ya cika shagunan Sabon Gari a Kano da Alaba a Legas, bai wuce dala 55 zuwa 60 ba a bakin masana'anta. Wannan araha dama ce da ba ta da tabbacin ɗorewa, kuma manufofinmu na neman sa mu yi sake da ita.

Farantin mono ya samo sunansa daga yadda ake ƙera shi. Ana narkar da tataccen silikon a zafin da ya haura digiri 1,400, a tsoma ɗan ƙaramin iri a ciki, a riƙa janyo shi sannu a hankali har ya zama sanda mai tsari guda daga sama har ƙasa. Wannan sanda ake yankawa falle-falle a yi ƙwayoyin faranti. Aikin na cin wuta da lokaci, shi ya sa shekara da shekaru mono ya fi poli, wato shuɗin faranti, tsada. Lamarin ya sauya bayan 2015, lokacin da kamfanoni irin su LONGi suka rungumi yanka da siririyar waya mai ƙurar lu'ulu'u, wadda ta rage ɓarnar silikon ta kuma hanzarta aiki. Kafin shekarar 2020 mono ya ƙwace kasuwa, poli kuwa sai ragowar kaya.

Abu na biyu shi ne farashin tataccen silikon kansa. A 2008 kilo ɗaya ya haura dala 400. A 2020 ya sauko ƙasa da dala 10, ya sake tashi zuwa kusan dala 40 a 2022, sannan ya faɗi zuwa wajen dala 5 a 2024, saboda sababbin masana'antu sun yi wa buƙata yawa. Ƙasar Sin ke riƙe da sama da kashi 80 cikin ɗari na kowane mataki na wannan sana'a, kuma ƙarfin masana'antunta ya zarce abin da duniya ke girkawa nesa ba kusa ba. Sakamakon haka manyan kamfanoni, ciki har da LONGi da Tongwei, sun tafka asara a 2024. Wani ɓangare na arahar da muke gani, ashe, asarar wasu ce.

Ba a gina tsari a kan asarar wani. A Disamban 2024 gwamnatin Sin ta rage harajin da take mayar wa masu fitar da faranti daga kashi 13 zuwa kashi 9 cikin ɗari. Azurfa, wadda da ita ake zana siraran layukan da ke kwashe lantarki daga ƙwayar, ta yi tashin gwauron zabi a 2025. Gilashi da alminiyam ma ba su da sauran rangwame mai yawa. Wanda ke jiran farashi ya sake rabewa biyu kafin ya saya, zai iya daɗewa yana jira.

To me ya sa mai saye a Kano ko Kaduna bai ji wannan sauƙi sosai ba? Amsar tana wajen canji. Daga ƙarshen 2022 zuwa 2024 farashin faranti a dala ya ragu da fiye da rabi, amma dalar da ake saye kusan naira 750 a kasuwar bayan fage a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a 2024. Abin da masana'anta ta sauke, naira ta sake ɗorawa. Sai kuɗin jirgin ruwa, da jinkirin fito a tashar Legas, da dakon mota zuwa Arewa, da ruwan bashin banki. Bayan haka, a gidan da ke son wuta da dare, batir ne ke cinye kaso mafi tsoka na kuɗin, sai inbata da wayoyi da ladan mai haɗawa.

Duk da haka jama'a na saye, domin cire tallafin fetur a Mayun 2023 da ƙarin kuɗin wuta na rukunin A zuwa naira 225 a Afrilun 2024 sun sa janareto da mita sun zama nauyi. Cibiyar bincike ta Ember ta ce cikin wata 12 zuwa Yunin 2025 Najeriya ta shigo da farantai na kimanin megawat 1,700 daga Sin, ita ce ta biyu a Afirka bayan Afirka ta Kudu.

A cikin wannan hali ne aka ji jami'an gwamnatin tarayya a 2025 suna maganar hana shigo da faranti don ƙarfafa masana'antun gida. Niyyar mai kyau ce, lissafin ne bai fita ba. Masana'antunmu harhaɗawa suke yi. Ƙwayar, wadda ita ce zuciyar faranti, daga waje take zuwa da dala. Hanin ba zai raba mu da dogaro da Sin ba, zai dai ƙara wa mai injin niƙa da asibitin ƙauye tsada.

Aikin da ya fi cancanta a gaban hukuma shi ne tsare inganci, domin kasuwa cike take da farantan da aka liƙa wa lambar wat ta ƙarya, da kuma samar da bashi mai sauƙi ga ƙananan sana'o'i. Shi kuwa mai saye, ya daina tambayar kuɗin faranti, ya raba kuɗin da adadin wat, ya nemi takardar garanti, ya sa a auna farantin a rana kafin ya biya. Faranti mai kyau kan yi shekara 25 yana aiki, kuma a kan wannan tsawon rai ya kamata a auna tsadarsa.