An Ce Ya Warke, Amma Hannun Bai Buɗe Ba

Iyayena mata, yayyena da ƙannena, shugabannin mata na ƙananan hukumomi da na mazaɓu a shiyyar Funtuwa: Saƙon nan yana da ɗan tsawo, don Allah a daure a kai ƙarshensa. Wadda ba ta karatun boko, a karanta mata.

Iskar hunturu ta fara kaɗawa, kuma duk uwar da ke tsakanin Funtuwa, Bakori, Danja, Ƙafur da Malumfashi ta san abin da ke biyo baya. Kaskon gawayi a tsakar ɗaki. Ruwan wanka a kan murhu tun asuba. Yara sun kewaye wuta suna jin ɗumi da rigunan roba-roba, waɗanda in suka kama sai su narke su manne a fata. Ga tukunyar kunu a ƙasa, ga kaskon awara da na ƙosai a ƙofar gida, ga tokar da aka zubar a bayan ɗaki, samanta fari cikinta garwashi, mai rarrafe ya dafa ta da hannu biyu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, gas da kananzir suka gagari talaka, gidaje da yawa sun koma wa itace da gawayi, wuta ta dawo ƙasa daidai tsayin yaro.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙuna tana kashe mutum wajen 180,000 a kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe irin namu. Ta kuma ce yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Afirka suna mutuwa da ƙuna fiye da ninki biyu na takwarorinsu na duniya. Waɗanda suka rasu, Allah Ya ji ƙansu, an ƙirga su. Maganata yau a kan waɗanda suka rayu ce, su da ba wanda ya ƙirga.

Ranar da abin ya faru, kowa na zuwa jaje. In abin ya yi ƙara, har mai muƙami ya zo asibiti da ambulan da mai ɗaukar hoto, a saka a Facebook, a yi ta "Allah Ya saka wa mai girma". Bayan wata biyu ciwo ya rufe, a sallami yaro, a ce alhamdulillahi ya warke. Ni da wannan kalmar ta "ya warke" nake rigima, domin da ita ake rufe maganar yaron alhali a ranar ne doguwar wahalarsa take farawa.

Ku tsaya ku ji yadda abin yake. Fatar yaro ta fi ta babba sirantaka, shi ya sa shayin da zai yi wa babba bororo kawai yake cinye fatar yaro har ƙasa. Ƙunar da ta wuce mako biyu zuwa uku ba ta rufe ba, mai zurfi ce, kuma sau da yawa dashen fata take bukata. In aka bar ta ta rufe da kanta, tabo ne mai kauri zai fito, shi kuwa tabo ja yake yi, yana tattarewa wata da watanni. In a gaɓa yake, sai ya ɗaure ta. Yatsu su dunƙule cikin tafin hannu. Haɓa ta manne da ƙirji. Hannu ya ƙi ɗaguwa saboda hamata ta haɗe. Gwiwa ta ƙi miƙewa. Fatar ido ta janye, ido ya kasa rufuwa ko da barci. Abin da ya fi ciwo shi ne, yaro yana girma, ƙashinsa yana tsawo, tabon kuwa ba ya bin sa. Yarinyar da ta ƙone tana shekara 3, ko an yi mata tiyata an saki hannun, tana iya bukatar wata tana shekara 7, da wata tana 12, har sai girmanta ya tsaya. In ƙunar a ƙirji take, lokacin balaga tabon yana iya hana nono fitowa daidai. Wa ya taɓa gaya wa uwar wannan ranar sallama?

Ban da haka akwai ƙaiƙayi da ke hana yaro barci watanni. Inda ƙuna ta yi zurfi ba ya fitar da gumi, to ku auna wannan yaro a zafin Afrilu, a aji mai rufin kwano ko a gonar masara. Tabon da ya daɗe yana fashewa yana warkewa, bayan shekaru masu yawa yana iya rikiɗewa ya zama ciwon daji na fata. Akwai kuma ciwon da ba a gani: yaro ya riƙa firgita cikin dare, ya koma fitsarin kwance, ya ga murhu ya fashe da kuka.

Sai a zo kan rayuwa. Hannun da bai buɗe ba ba ya riƙe fensir, ba ya riƙe allo da kyau, ba ya riƙe fartanya. A ƙasar da arzikinta auduga ne da masara da waken suya, yaron da ba ya iya noma kuma bai yi karatu ba, ina aka tura shi? Bara. A makaranta yara su laƙa masa suna, malami ya yi shiru, bayan zango ɗaya ya ce ba zai koma ba, iyaye ma su ji sauƙi. Yarinya kuwa a lulluɓe ta a kulle a ɗaki, in baƙi sun zo a ce ta shiga ciki. In ta isa aure, mu mata mu ne na farko da za mu raɗa wa dangin saurayi cewa "ai tana da tabo". Duk wannan ba wutar ce ta yi ba. Wuta ta gama nata a minti ɗaya, sauran aikin mutane ne da hukuma.

Kuma yawancin wannan nakasa ana iya kauce mata. A ɗaure gaɓar a miƙe tun ciwo yana ɗanye, kamar yadda ake sa karan ɗori. A riƙa motsa ta kullum ko da yaro yana kuka, wanda shi ne aikin masu gashin ƙashi. A yi dashen fata da wuri in ana bukata. Bayan rufewa a sa wa tabon safa ko riga mai matsewa shekara guda ko fiye, ana murza shi da mai, ko man kaɗe ne. Ba jirgi za a hau zuwa Indiya ko Masar ba. Amma ina ake samun masu wannan aiki? In ƙuna ta yi tsanani a shiyyarmu, hanya uku ce: asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Kano ta hanyar Dayi da Gwarzo, inda asibitin ƙashi na Dala yake da sashen ƙuna da gyaran fata, ko kuma a nufi asibitin koyarwa na tarayya a Katsina. Zuwa ɗaya ba ya isa. A ce a dawo bayan mako biyu, a dawo bayan wata, a dawo bayan wata uku. Matar da ta fito daga ƙauyen Faskari ko Sabuwa, da kuɗin mota na yanzu, da fargabar hanya, da goyo a baya, sau nawa za ta koma? Buhun masara na farko ya tafi, na biyu ya tafi, akuya ta bi su, sai maigida ya ce a bar wa Allah. A nan hannun yake rufewa.

Ƙananan hukumomi 11 ne a shiyyar nan: Funtuwa, Malumfashi, Bakori, Danja, Ƙafur, Ƙanƙara, Faskari, Dandume, Sabuwa, Musawa da Matazu. Ranar zaɓe, wa ke cika layi tun sanyin safiya? Mu. Wa ake kira a cika fili ranar gangami, a yi guɗa, a yi anko? Mu. Ladan kuwa turmin atamfa da taliya da sabulu. Atamfa ta koɗe kafin a rantsar da wanda aka zaɓa. Haba jama'a! Reshen mata da ke iya tara dubbai cikin kwana biyu, ya kasa tilasta a buɗe ɗakin jinyar ƙuna na yara?

Na san amsoshin da za a ba mu, don mun sha jin su.

Za a ce ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma mai girman da ke cewa ƙaddara, in ɗansa ne ruwan zafi ya zubo wa, a daren zai kwana a Abuja. Ƙaddara ba ta hana shi neman magani ba, don me za ta hana 'yar mai tuyar awara?

Za a ce sakacin uwa ne. Wannan ce ta fi ƙona min rai. Mace ɗaya, ita ce girki, ita ce ɗiban ruwa, ita ce sana'ar da za a ci da ita, yara biyar a tsakar gida ɗaya da murhu. Waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu suka cunkushe a ɗakin haya a Funtuwa, a ɗakin suke girki, a nan suke kwana. Ido nawa gare ta? Kuma a ce ma ta yi sakacin, yaron ne zai biya da hannunsa har tsufa? Zargin nan ba abin da yake haifarwa sai ɓoyo: uwa ta ji kunyar kai yaro asibiti, ta ji kunyar fitar da shi cikin mutane.

Za a ce ana fama da tsaro da yunwa, wannan ƙaramin abu ne. To ai matsalar tsaron ce ta ƙara yawan masu girki a ɗakin kwana, yunwar ce ke hana ciwo rufewa. Kuma kuɗin da muke magana a kai bai kai na motocin rakiyar mutum ɗaya ba.

Doka ma tana bayanmu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa, kuma ita ce ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. A Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana wariya ga masu nakasa, wadda ta ba su 'yancin karatu ba tare da tsangwama ba. Jiharmu ta Katsina ta yi dokar kare yara a 2020. Takardu sun cika ofis. Abin da ya rage shi ne wanda zai tsaya a bakin ƙofa ya ƙi tafiya.

Don haka ga abin da ya kamata reshen mata ya ɗora a gaban 'yan majalisarmu na jiha da na tarayya, da shugabannin ƙananan hukumomi, na jam'iyyarmu kafin na kowa, tunda su muka yi wa wahala. A ware ɗakin jinyar ƙuna na yara a babban asibitin Funtuwa da na Malumfashi, da ma'aikatan jinya da aka horar, da mai gashin ƙashi na dindindin. A kawo likitan gyaran fata daga Shika ko Kano a ranaku sanannu, domin mutum ɗaya ya yi tafiya maimakon uwaye hamsin. A saka duk yaron da ya yi mummunar ƙuna cikin inshorar lafiya ta jiha kyauta, da tiyatar sakin gaɓa a ciki, har ya kai shekara 18. A rubuta shi ƙarara cikin kasafin kuɗi, da lambarsa, don mu iya bibiya. Alƙawarin baki a kan dandamali ba ma so, mun ƙoshi da shi. Jihar nan tana da mazaɓu 361. Ma'aikacin kowane ƙaramin asibitin mazaɓa ya san ƙunar da zai riƙe da wadda zai tura gaba a ranar, ba ya shafa jibi ya ce a dawo jibi ba.

Akwai kuma wanda ba sai mun jira kowa ba, kuma a nan zan ɗan yi faɗa da 'yan uwana. Ke da kike fasa ɗanyen ƙwai a kan ƙuna, ke mai ƙullun koko, ke mai baƙin mai, da man goge baki, da gashin zomo, don Allah ku bari. Datti kuke tura wa ciwo, ƙaramar ƙuna ta ruɓe ta koma mai zurfi. Ruwa mai tsabta, mai sanyi daidai, a yi ta kwararawa a wurin har minti 20. Ban da ƙanƙara. A cire awarwaro da zobe kafin kumburi, rigar da ta manne a bar ta kar a ja, kar a fasa bororo. A rufe da tsumma mai tsabta, a lulluɓe sauran jikin yaron don kar sanyi ya kama shi, sai asibiti. Ƙuna a fuska, ko hannu, ko ƙafa, ko gaɓa, ko al'aura, ko wadda ta fi tafin hannun yaron faɗi, ba ta gida ba ce. Shi kuwa ƙwan, ki dafa ki ba shi ya ci. Jikin da ya ƙone yana bukatar abinci mai gina jiki fiye da kowane lokaci: ƙwai, wake, awara, gyaɗa, nono. Mai ciwon farfaɗiya, babba ko yaro, kar a bar shi shi kaɗai a gaban wuta. Murhu kuma a kewaye shi, ko da tubali huɗu ne.

Shugabannin mata na mazaɓu, aikinku ne kafin taronmu na gaba. Kowacce ta zaga unguwanninta cikin mutunci, ta san yara nawa ne ke da tabon da ya ɗaure musu gaɓa, nawa ne suka bar makaranta saboda shi, nawa ne aka ce su koma asibiti suka kasa. Adadi muke so da sunan mazaɓa. Kar a turo hoton ɗan kowa ko sunansa cikin zauren nan, ba kayan talla ba ne. Da wannan adadin za mu rubuta takarda mu kai da ƙafarmu, kuma duk ɗan takarar da ya aiko a tara masa mata, a fara miƙa masa ita ya karanta a gabanmu kafin a buɗe buhun atamfa.

A tura wa sauran zaurukan mata na shiyya. Wassalam.