ABUJA: TSARIN BIRNI YA TSAYA A BAKIN IYAKA

Ran 3 ga watan Fabrairu, 1976, marigayi Janar Murtala Muhammed ya shaida wa jama'ar ƙasar nan cewa za a ɗauke hedkwatar Tarayya daga Ikko, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Babban dalili shi ne Ikko ta cushe, ga ruwa ya tare ta, ba ta da filin da za ta miƙe ƙafa. Sai aka yanki fili mai faɗin wajen murabba'in kilomita 8,000 daga Jihohin Neja da Filato da Kwara, aka ɗauko wani kamfanin Amurka, International Planning Associates, ya zana tsarin birnin, ya miƙa a 1979. Gwamnati kuwa ba ta tare ba sai ran 12 ga Disamba, 1991.

A gaskiya tsarin nan ba na wasa ba ne. An ƙiyasta mutum miliyan 1.6 zuwa shekara ta 2000, daga bisani a tsaya a kan miliyan uku da ɗoriya. An kasa ginin birnin mataki huɗu, an keɓe filayen shan iska, an bar hanyar da jirgin ƙasa da bas za su ratsa unguwanni. Wanda ya zaga Maitama ko Asokoro ya ga tituna da magudanan ruwa, ya san masu zanen sun san aikinsu.

To, amma ina masinja zai kwana? Ina direba da malamin firamare da mai gadi? Kuɗin haya a cikin birni ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, saboda haka ya yi ta ja da baya har ya tsallake iyaka. Nyanya, wadda aka kafa don leburorin da suka gina birnin, ta cika ta batse, jama'a suka kwarara Mararraba da Masaka a Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, wasu suka nufi Madalla da Suleja a Jihar Neja. Suleja kuwa ita ce ta ba da sunanta na asali, watau Abuja, ga sabon birnin. Ga shi yau ta zama ɗakin kwanan ma'aikatansa.

Nan ne gizo ke saƙa. Bisa Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978, filin kowace jiha yana hannun Gwamnanta, na Abuja kuwa Minista ke riƙe da shi a madadin Shugaban Ƙasa. Ke nan birni ɗaya ne, amma masu iko da filinsa uku, kuma zanen 1979 bai ƙetare iyaka ko da taku ɗaya ba. A ɓangaren can akwai ruwan madatsar Usuma. A Mararraba sai rijiyar burtsatse da 'yan garuwa. Mai gona ya yanka ta fuloti-fuloti ya sayar, ba a bar wurin makaranta ko lambatu ba, kowane lungu kuma ya ɓulla kan titi guda, watau hanyar Keffi, inda ma'aikaci ke fitowa tun duku-duku don kada ya makara.

Jirgin ƙasan cikin birni da aka buɗe a 2018, ya tsaya a 2020, ya koma aiki a 2024, filin jirgin sama da wajen Kubwa ya nufa. Bai leƙa Nyanya ba, balle Mararraba.

An gwada gyara da katafila. Zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake Minista, daga 2003 zuwa 2007, an rushe gine-gine masu yawa don a maido da tsarin. Wasu filayen shan iska sun kuɓuta, ba mu musa ba, amma yawancin waɗanda aka tasa ba garuruwansu suka koma ba. Bayan iyaka suka ƙara matsawa.

A ganinmu lokaci ya yi da Ministan Abuja da Gwamnonin Nasarawa da Neja za su kafa hukumar tsara gari guda, mai doka da kuɗi nata, ta zana taswira ɗaya tun daga Suleja har Keffi. Aikinta na farko shi ne ta kafa turaku a kan hanyar jirgi da ta bututun ruwa, da filayen makarantu da kasuwanni, a wajajen Auta Balefi da Gora da Uke, inda har yanzu akwai sauran gonaki. Diyyar gonar doya a bana ba ta kai ko kusa da diyyar bene nan da shekara goma ba, dillalan filaye kuwa sun riga gwamnati isa wurin.