Wa Ya Yi Mana Bayani Lokacin Da Muryarmu Ta Fashe?

Babu hirar da ta kai ta shekarun sakandare daɗi a ɗakunan kwananmu. Wannan ya tuna ranar da muryarsa ta karye yana tsakiyar karatun allo, wancan ya tuna man da ya shafa wa kurajen fuska suka ƙara yawa. A yi dariya har da hawaye. Ni ma ina yi, amma na daɗe ina ganin dariyar nan tana rufe wani abu: yawancinmu mun ratsa shekarun balaga ba tare da babba ko ɗaya ya zaunar da mu ya ce ga abin da ke faruwa da jikinka ba.

A Gozaki na tashi, cikin ƙaramar hukumar Kafur. A wurinmu yaro ɗan shekara 14 babba ne a gona, yaro ne a zaure. Da damina a miƙa maka fartanya ka yi noman masara kafaɗa da kafaɗa da magidanta, da kaka ka ɗauki buhu a ka. Amma ka sa baki a maganar manya ka ji: "Kai, tashi ka ba mutane wuri!" Wandon makaranta ya ɗage har ƙauri, ba za a ɗinka sabo ba sai an sayar da amfanin gona a Funtuwa ko Malumfashi. Haka za ka wuce 'yan mata a bakin rijiya kana jan riga ƙasa, kai ka ce da ita za ka rufe ƙafafun.

Wani zai ce ai an koya mana a Islamiyya. Gaskiya ne, kuma Allah Ya saka wa malamanmu. Ahalari ya kawo hukuncin wanka da na haila dalla-dalla. Sai dai hukunci daban, kwantar da hankalin yaron da ya farka cikin tsoro daban. Malam na karantawa, aji na sunkuyar da kai, babu mai ƙarfin halin tambaya. A gida kuwa, uban da ba ya iya kiran sunan ɗan farinsa saboda kunya, ta ina zai fara wannan zance?

Da can akwai masu wannan aiki. Kaka tana da damar tsokanar jika ta faɗa masa gaskiya cikin wasa, gwaggo ta ja 'yar ɗan'uwanta ɗaki, kawu ya ja yaro gefe a hanyar gona. Yanzu wayar hannu ta karɓi aikin, ita da majalisar bakin titi, inda wanda ya girme ka da shekara biyu yake zama likita. Maganin tari mai kodin da gwamnatin tarayya ta hana shigowa da shi da haɗa shi a 2018, a irin wuraren nan ake fara miƙa wa yaro shi da sunan maganin jin kunyar mata.

Mu kuma namu ya zo da ƙari. Korona ta rufe makarantu a Maris 2020, sannan a Disamba aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, aka sake rufewa. Watannin da ya kamata mu yi cikin tsaranmu, a gida muka yi su.

Na 'yan mata ya fi nauyi, ba na ma haɗawa. Namiji ya sha dariya ya wuce. Yarinyar da jini ya ɓata wa kayan makaranta a gaban aji tana iya ƙin komawa, kuma idan ta zauna mako biyu a gida, sai maganar aure ta taso. Wasu 'yan ajinmu a nan karatunsu ya tsaya, alhali sun fi mu kai.

Mu da ke Poli mu ne yayyen yanzu, mu ne ƙananan kawunnai da gwaggwanni, kuma ƙannenmu sun fi sakin jiki da mu. Shi ya sa nake roƙon ƙungiyar ɗalibai da ƙungiyoyin ƙananan hukumomi su sa wannan cikin aikin hutu: a nemi izinin shugabannin makarantun da muka fito, mata su zauna da mata, maza da maza, a tafi da ma'aikacin lafiya da malamin addini. Kuɗin da ake kashewa wajen buga riguna da kalandar shugabanni zai sayi audugar mata ta aji guda, har a samu canjin kuɗin mota zuwa Kafur.