Ƙarar da Kai Kaɗai Kake Ji

Duk wanda ya taɓa daɗewa kusa da lasifika a wajen biki ya san abin da ke biyo baya: ka dawo gida ka kwanta, kunne yana ta "ziii" kamar kukan gyare. Yawanci kafin gari ya waye ta ɗauke. Amma akwai waɗanda tasu ke zama daram, wata da watanni, har shekaru. Likitoci na kiran abin tinitus, wato jin ƙara alhali babu abin da ke yin ta a waje.

Wani babban nazari da aka fitar a 2022 ya kiyasta cewa kusan kashi 14 cikin 100 na manya a duniya na jin wannan ƙara, amma kusan kashi 2 ne kawai ta tsananta musu. Abin tambaya shi ne, me ya sa wani ke harkokinsa da ita, wani kuma ta hana shi sakat?

Za ka ɗauka ƙarfin ƙarar ne. Masu bincike sun tarar ba lallai ba. Mai ƙaramar ƙara kan iya fin mai babba shan wahala, domin yadda ƙwaƙwalwa ta karɓi abin shi ne kan gaba. Dubi fankar ɗakinka: tana juyi, tana ƙara, amma ka manta da ita saboda ba ka tsoronta. To, wanda ya sa wa ransa cewa kurumcewa zai yi, ko taɓin hankali ne ya fara, ko an yi masa jifa, ƙwaƙwalwarsa za ta ɗauki ƙarar a matsayin barazana, ta dinga kasa kunne. Yana saurare tana ƙara fitowa, tana fitowa tsoro na ƙaruwa. Ga rashin barci, ga fargabar jarrabawa, kowanne na ƙara wa wutar fetur.

Shiru ma na da nasa hannun. A 1953, a Amurka, an shigar da mutum 80 masu lafiyar kunne ɗakin da sauti ba ya shiga, na minti 5. Kashi 94 cikin 100 suka ce sun ji ƙara. Shi ya sa dare ya fi wa masu matsalar tsawo, musamman idan an ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Barin rediyo ƙasa-ƙasa kan rage damuwar.

Mu matasa kuwa, da hannunmu muke sayo ta. Abin sauraron da muke toshe kunne da shi tun daga ɗakin kwana har aji, ƙarar janareto, injin markaɗe, duk suna lalata ƙananan gasun da ke can cikin kunne, kuma idan sun mutu ba sa sake tsirowa. Magunguna irin su kwinin da asfirin mai yawa ma kan tayar da ita.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a ce wa mutum "ai ba komai ba ne, ka share". Wanda ya kwana uku bai runtsa ba, bayani yake buƙata. A fara da gwajin ji, don sau da yawa raguwar ji ce a ƙasa, kuma na'urar ƙara ji kan sauƙaƙa. Akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, asibitocin koyarwa ma suna da sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Idan ƙarar a kunne ɗaya take, ko tana bugawa daidai da bugun zuciya, ko ji ya ɗauke farat ɗaya, ko ta zo da jiri, kada a tsaya ɗiga mai a kunne, a nufi likita da gaggawa.