Dauɗar Majema Amana Ce a Wuyanmu

Ya 'yan'uwa Musulmi, masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano suna aiki da sinadarin kuromiyam, dauɗarsu kuwa tana gangarawa Kogin Challawa, inda talakawa ke noman rani. Cutar da bayin Allah haramun ne, komai yawan riba. Ga shi kuwa Allah Maɗaukakin Sarki Ya ajiye magani cikin abin da muke zubarwa. Gwaje-gwajen masana sun nuna cewa buntun shinkafa da ɓawon gyaɗa da garin 'ya'yan zogale suna kama wannan guba daga ruwa. Don haka muna kira ga masu masana'antu su ji tsoron Allah, su tace ruwansu, kuma su killace buntun da ya sha guba nesa da gonaki da dabbobi. Allah Ya shiryar da mu, amin.