Kafin a Ɗaga Iyakar Dubu Ɗaya

Tun da shirin Tech Needs Girls na Regina Honu ya shiga Nima yana koya wa 'yan mata rubuta manhaja, wannan sana'a ta daina zama baƙuwa a zangunan Accra. Yau a Nima da Maamobi ana ganin matasa da tsohuwar kwamfuta a cinya suna koyon harshen Python, wasu a aji, wasu daga YouTube. Ranar da ɗalibi ya kai darasin aiki mai kiran kansa, da wuya bai ci karo da saƙon RecursionError ba. Shawarar da ya fi samu a intanet ita ce ya ƙara layi ɗaya ya ɗaga iyakar, saƙon ya ɓace. Malamin da ya bar wannan shawara ta wuce ba tare da bayani ba ya tauye ɗalibinsa.

Duk sa'ad da wani aiki a cikin manhaja ya kira wani, kwamfuta kan ajiye bayanansa: inda zai koma da ƙimomin da yake riƙe da su. Tana jera su ɗaya kan ɗaya kamar kwanukan mai waakye, na sama shi ake fara ɗauka. Wannan jeri shi ne tarin kira, kuma gurbinsa ƙayyadadde ne. A Linux galibi megabayit 8 ake ware wa babban zaren manhaja. Aikin da ke kiran kansa babu sharaɗin tsayawa zai yi ta ɗora kwano har tarin ya cika ya malala. Wanda ya zauna kusa da babban kwatamin Nima da damina ya san cewa ruwan da ya cika maƙil gidan maƙwabci yake shiga. Haka tarin ke shiga gurbin wasu bayanai ya ɓata su.

Hanyoyin gano malalar biyu ne suka fi shahara. Python ƙirga zurfin kira take yi, idan ya kai 1000 ta tsaya ta faɗi dalili. Hanya ta biyu ita ce shafin gadi: a ƙarshen tarin ana barin wani yanki da aka haramta taɓawa, da zarar manhaja ta taɓa shi sai na'ura ta kai ƙara ga tsarin gudanarwa. Java kan karɓi wannan ƙara ta mayar da ita StackOverflowError. Manhajar C kuwa yawanci faɗuwa kawai take yi. Gadin ma ba ya rasa ɓaraka. A 2017 kamfanin Qualys ya nuna, a binciken da ya kira Stack Clash, cewa ana iya tsallake shafin da babban taku ɗaya ba a taɓa shi ba.

Abin da ya sa maganar ta shafi ɗan Zango kai tsaye shi ne matakin da ke bin Python. Da yawa daga masu koyo kan koma Arduino, domin araharsa, su haɗa abin da zai kashe famfo idan tanki ya cika ko ya kunna fitila da magariba. Arduino Uno kilobayit 2 kacal yake da shi na ma'adanar aiki. Babu mai ƙirga zurfi, babu shafin gadi. Tarin ya malala, babu saƙon da zai fito. Na'urar za ta ci gaba da aiki da gurɓatattun lambobi, ko ta sake tashi da kanta, mai ita yana zargin waya ko wutar lantarki. Ɗalibin da ya saba kashe gargaɗi ya isa wurin da babu mai gargaɗinsa.

Manya ma sun sha wannan. A shari'ar da aka yi da Toyota a Oklahoma ta Amurka a 2013, kan motar Camry da ta yi gudu da kanta, masanin manhaja Michael Barr ya ba da shaida cewa an raina yawan gurbin da tarin ke ci, kuma manhajar na ɗauke da ayyuka masu kiran kansu. Masu taya alƙali hukunci sun ɗora wa kamfanin alhaki. Tun 2006 Gerard Holzmann na hukumar NASA ya haramta irin wannan kira a farkon ƙa'idoji goma da ya tsara wa manhajar da rayuka suka dogara da ita.

Gaskiya ne akwai lissafin da zurfinsa ke wuce dubu bisa halal, kuma ɗaga iyakar a nan ba laifi ba ne, muddin mai yi ya san iya zurfin da zai kai. Takardun Python da kansu sun yi kashedi cewa iyakar da ta yi yawa na iya rushe manhajar. Darasi ɗaya ya isa: malami ya sa ɗalibai su rubuta aikin da ba ya tsayawa, su gwada shi a Python, sannan a C, sannan a kan Arduino, kowa ya rubuta a littafinsa abin da ya gani a kowane gwaji.