Suna Linzami Ne, To Ina Dokin?

Duk ɗan Arewa mazaunin Ikko ko Ibadan da ya taɓa bin hanyar Suleja zuwa Minna a kan hanyarsa ta gida, ya san garin Gawu Babangida, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gurara a Jihar Neja. Can da Gawu kawai ake ce masa, daga baya aka ɗaura masa sunan Janar Ibrahim Babangida, mutumin Minna, wanda ya mulki ƙasar nan daga 1985 zuwa 1993. Garin ya sami babban suna. Abin da ya rage masa shi ne sauran abubuwan da ake zaman duniya da su.

Mutanen wannan yanki kuwa sun daɗe da sanin cinikin suna da gwamnati. A 1976 Gwamnatin Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni, ta duba ta ga sunan Abuja ya yi mata kyau, sai ta ɗauke shi tare da ƙasa mai yawa. Tsohon garin da Abu Ja ya kafa ya koma Suleja, don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau. Watau an karɓi riga an bar wa mai ita hula. Da aka tare a sabon birnin a 1991, manya suka shiga gidaje masu fanfo da lantarki, leburori da 'yan ƙwadago kuwa suka cika Suleja maƙil, suna sammako su yi wa birnin bauta.

Dalilin da ya sa mahukunta ke son kyautar suna a fili yake. Ba ta cin siminti, ba ta cin kwalta, fenti gwangwani ɗaya da allo sun isa, ga kuma taron buɗewa da makaɗa. Hanya ita ce mai wuya. Tun 2010 aka ba da kwangilar mai da hanyar Suleja zuwa Minna tagwaye, amma har 2025 ba a gama ba. Yaron da aka haifa a shekarar kwangilar ya shiga sakandare, ramukan suna nan suna jiran jikokinsa.

Ranar 18 ga Janairu, 2025, tankar fetur ta kife a mararrabar Dikko, cikin wannan ƙaramar hukuma, mutane suka ruga kwasar mai, wuta ta tashi ta cinye rai fiye da 80. Manya suka zo ta'aziyya, suka yi wa talakawa wa'azi kan kwaɗayi. Wa'azin gaskiya ne, sai dai ya fi daɗin faɗi a bakin wanda bai san kuɗin lita ba tun da aka janye tallafin mai a 2023.

Talakawan ma suna da nasu alhakin. Su ne ke tafi da guɗa duk ran da aka kafa allo, su ne ke sa wa 'ya'yansu sunan wanda ke kan kujera, ran da ya sauka kuma su fara tsine masa. Mai mulki ya lura jama'a na ƙoshi da suna, don haka ya daina dafa tuwo.

Ya kamata ƙungiyoyin 'yan Arewa na Sabo da Agege da Idi-Araba, waɗanda 'yan siyasa ke zagayawa lokacin zaɓe, su riƙa tambayar kilomita nawa aka shimfiɗa, rijiya nawa ke ba da ruwa, kafin su tambayi sunan wa za a rubuta a jiki. Allah ya kyauta.